Batura na sauka kafin asuba a jirgin ruwa mai filafilai: in ƙara wasu ko in koma litiyam?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da jirgin ruwa mai filafilai, tsawonsa mita 11, ni da iyalina muke zaune a ciki, kuma mafi yawan lokaci a kan anka muke, ba ma shiga tashar da ake jona wuta. Baturan amfanin cikin jirgi irin AGM ne guda huɗu, jimlarsu amfiya-awa 400, shekararsu biyu. Akwai sola mai wat 200, kuma ina kunna inji awa ɗaya da safe, awa ɗaya da yamma. Duk da haka kafin asuba mita na nuna bolt 11.9, firij kuma ya ɗauke. In ƙara batura biyu ne, ko in cire su duka in sa litiyam?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Shawarata ta farko ita ce ka dakata da sayen batir tukuna. Daga bayanin da ka yi, wutar da ke shiga kullum ce ba ta kai wadda ke fita ba. Batir tulu ne, ba rijiya ba: abin da ka zuba shi za ka ɗiba, kuma in kana ɗibar moɗa biyar kana mayar da huɗu, ƙara girman tulun zai jinkirta ranar ƙafewarsa ne kawai. In ka ƙara batura biyu yau, za ka ji daɗin mako ɗaya ko biyu, daga nan a koma gidan jiya, sai dai yanzu batura shida ne ke lalacewa maimakon huɗu.

Mu fara da wannan 11.9 ɗin. Batirin darma mai bolt 12, wanda AGM ɗinka wani nau'insa ne, in ya cika kuma ya huta 'yan awanni babu mai ja babu mai zuba masa, yakan nuna 12.7 ko 12.8. In ya sauka zuwa rabi, za ka ga wajen 12.2. To amma a jirgin da mutane ke kwana suke tashi a ciki, batir ba ya samun irin wannan hutu. Da dare lodi na danne lambar ta yi ƙasa da gaskiya, da rana kuma sola na ɗaga ta sama har ka zaci ya cika. Duk da haka, amfiya biyar ko shida na dare sun yi kaɗan su ja batura masu amfiya-awa 400 har zuwa 11.9 in suna da lafiya kuma da caji a cikinsu. Saboda haka ɗayan biyu ne, ko ma duka biyun: sun sauka ƙasa da rabi sosai, ko sun riga sun rasa wani kaso na ƙarfinsu.

Shi kuwa firij, ɗaukewarsa tana gaya maka wani abu dabam. In kwamfiresansa irin na Danfoss ne, wanda yanzu ake sayarwa da sunan Secop kuma shi ne a mafi yawan ƙananan jirage, yana da kariyar da ke kashe shi in wuta ta yi ƙasa, kuma saitin da yake zuwa da shi wajen bolt 10.4 ne. Ka ga kenan akwai tazara mai yawa tsakanin 11.9 da ke kan batir da abin da ke isa wurin kwamfiresan a lokacin da yake fisgar wutar tashi. Wannan tazara a waya take ɓacewa: ko wayar siririya ce, ko ta yi tsawo, ko wani mahaɗi ya yi tsatsa. Ka ɗora mita a kan bakin wayoyin kwamfiresan a lokacin da yake ƙoƙarin tashi, za ka gani da idonka.

Abu ɗaya da zan ce ka saya yanzu shi ne na'urar ƙidayar wuta mai shant. Shant wani ɗan guntun ƙarfe ne da aka auna juriyarsa daidai, ana sa shi a kan wayar nagatif dab da batir, ta yadda duk wutar da za ta shiga ko ta fita sai ta bi ta kansa. Daga nan na'urar ke nuna maka amfiya nawa ke gudana a wannan daƙiƙar, da amfiya-awa nawa aka ci tun cikawar ƙarshe. Wajen ɗaurawa a kula da abu guda: babu wayar nagatif ko ɗaya da za ta tsallake shant ta je kan batir kai tsaye. Sau da yawa nakan tarar an jona famfon kwashe ruwa ko kwantirolar sola a kan batir, na'urar ba ta ganinsu, lissafin duka ya rikice.

Da ka ɗaura ta, ka zaɓi dare ɗaya ka kashe komai, sannan ka riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya kana rubuta abin da kowanne ke ja. Ka ninka da awannin da yake aiki a yini da dare. Kafin ka auna naka, ga ƙiyasin abin da nake sa ran za ka samu a jirgi irin wannan a wuri mai zafi. Firij na jan wajen amfiya huɗu da rabi, yana aiki kusan rabin lokaci, wato kimanin amfiya-awa 50. Fitilar anka mai tsohon ƙwai na wat 10 tana cin kusan 10 a dare. Fankoki biyu, 10. Fitilun ciki, 5. Rediyon VHF a kunne yana saurare, wajen 10. Allon taswira da aka bari a kunne don ya yi ƙara in anka ta ja, amfiya ɗaya sau awa 24, wato 24. Kwamfuta da wayoyi, 20. Famfon ruwa, 3. Sai inbata da aka bari a kunne ba ta aikin komai, ita ma takan sha wajen amfiya ɗaya, wani 24 kenan. Jimla ta haura 150. In kuma akwai na'urar intanet ta tauraron ɗan Adam mai cin wat 50 da ba a kashewa, ita kaɗai ta kusa ƙara 100.

Yanzu dubi ɓangaren shigowa. Farantin sola mai wat 100 da aka shimfiɗa a kan jirgi yakan ba da amfiya-awa 25 zuwa 30 a rana mai kyau, don haka naka zai kawo 50 zuwa 60. Altanetar da ta zo da inji, ko da an rubuta amfiya 80 a jikinta, da wuya awa biyu su ba ka fiye da 70, kuma zan faɗi dalili a ƙasa. Ka haɗa, 120 zuwa 130. Giɓin amfiya-awa 25 ko 30 a kullum kamar ba komai ba ne, amma cikin mako guda ya cinye rabin baturanka. Ga kuma ƙarin cewa batirin darma ba ya mayar da duk abin da aka zuba masa: in ka ciri 100, sai ka mayar da wajen 110 zuwa 115 kafin ya koma inda yake.

In ka lura da lissafin nan, ba manyan kaya ne ke cinye wutar ba. Butar lantarki mai wat 1000 tana fisgar kusan amfiya 95 ta hanyar inbata, abin da ke tsorata mutane in sun gani a mita, amma minti biyar kacal take yi, amfiya-awa 8 ne. Ƙananan abubuwan da ba a kashewa su ne ɓarayin. Ka kashe inbata sai lokacin da ake buƙatarta, ka sayi cajar waya da ta kwamfuta masu aiki kai tsaye da bolt 12. Ka mayar da gadin anka kan waya ko ƙaramar na'urar GPS ta hannu. Ka canza ƙwan fitilar anka zuwa LED, wanda zai ci wajen 2 a dare.

Ita wannan fitila, don Allah kada tattalin wuta ya sa ka kashe ta. Doka ta 30 a cikin dokokin hana karo a teku na 1972 ta wajabta wa jirgi irin naka farar fitila mai haskawa ta kowane ɓangare in yana kan anka da dare, kuma dole a iya hango ta daga mil biyu na teku. Ka sayi wadda aka ƙera don wannan aiki. Wasu ƙwayayen LED masu araha suna fitar da hayaniyar da ke toshe kunnen VHF da AIS, wato na'urar da jirage ke sanar da juna inda suke, musamman da yake fitilar da eriyar a wuri ɗaya suke a ƙolin sandar jirgi. Hukumar tsaron gaɓar teku ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2018. Gwajin mai sauƙi ne: ka saita rediyon daidai inda shuuu ɗinsa ya ɗauke, sannan ka kunna fitilar. In shuuu ya dawo, ƙwan ne.

Firij ya cancanci ka ba shi yini guda, domin shi ne kashi ɗaya cikin uku na cin wutarka. Ka duba robar murfi da takarda: in ka rufe a kanta ta zare ba tare da turjiya ba, sanyi na zurarewa. Ka share ƙurar ragar da ke fitar da zafi, ka tabbata iska na shiga inda kwamfiresan yake tana fita, don akwatin da ba shi da mafita yakan sa shi ya yi ta shaƙar zafin kansa. Ka narkar da ƙanƙarar da ta yi kauri a kan farantin sanyi. In akwai bututun zubar da ruwa a ƙasan akwatin, ka toshe shi, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, ta nan take gangarawa. Sannan ka koyi sanyaya shi sosai da tsakar rana lokacin da sola ke kawowa, ka sassauta shi da dare. Da waɗannan duka, jimlar 150 ɗin nan za ta iya sauka ƙasa da 100 ba tare da iyalinka sun takura ba.

Sai mu zo inda gizo ke saƙar, wato yadda batirin darma ke karɓar caji. Mataki uku ne. Na farko shi ne ɗura: batir na karɓar duk abin da aka ba shi, bolt na hawa a hankali har ya kai wajen 14.4. A nan batir ya kai kashi 80 zuwa 85 cikin 100. Na biyu shi ne tsotsa: caja ta riƙe bolt a 14.4, batir kuma da kansa yake rage abin da yake karɓa, amfiya na sauka sannu a hankali. Wannan mataki yana cin awa uku zuwa biyar, kuma babu girman altaneta ko janareta da zai gaggauta shi, domin batirin ne ke ƙayyadewa. Ana cewa ya cika ne in wutar da yake karɓa a wannan bolt ɗin ta sauka zuwa kashi ɗaya ko biyu cikin 100 na girmansa, wato amfiya 4 zuwa 8 a naka. Na uku shi ne riƙo, inda bolt ke sauka zuwa wajen 13.4 don a tsare cikar. Ainihin lambobin ka ɗauko su daga takardar kamfanin da ya ƙera baturanka, kuma ka tuna cewa an ba da su ne don zafin digiri 25. In batir ya fi haka zafi sai an rage bolt kaɗan, abin da ya sa caja mai kyau ke da wayar auna zafi da ake mannawa a jikin batir.

Me ya sa wannan kashi 15 na ƙarshe ke da muhimmanci haka? Duk lokacin da batirin darma ya ba da wuta, wani gishiri mai suna salfet ɗin darma yana taruwa a kan farantansa, caji kuma shi ke mayar da shi. In an cika batir da wuri, komai ya koma daidai. In ya yi kwana da kwanaki bai cika ba, gishirin ya daskare ya yi tauri, caji na yau da kullum ba ya iya narkar da shi, kuma duk wurin da ya rufe ya fita daga aiki. Wannan hali yana tare da batirin darma tun da Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a Faransa a 1859, AGM ma bai tsira ba. Hasali ma yawancin AGM sun fi mai ruwa saurin jin jiki in ana barinsu rabi da rabi. Ina kyautata zaton abin da ke faruwa da naka kenan. Awa ɗaya ta inji ba ta taɓa kai su ƙarshen tsotsa ba, wataƙila tun watanni. Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce: kada a sauka ƙasa da rabi, kuma aƙalla sau ɗaya a mako a kai su cikar gaske, irin wadda amfiya suka tabbatar. Ranar ce kuma na'urar ƙidaya ke daidaita kanta, don in an daɗe ba a cika ba lissafinta na kaucewa kaɗan kaɗan.

Daga nan za ka ga yadda ya kamata a tsara yini. Inji ya ƙware wajen ɗura, sola ta ƙware wajen tsotsa. Ka haɗe awanninka na inji ka yi su da sassafe, lokacin da batura suka fi yunwa kuma za su karɓi duk abin da altaneta ta iya bayarwa. In ka ga amfiya sun fara sauka sosai, ka kashe inji ka bar wa rana sauran aikin, don ita tana da awannin da ake buƙata kuma ba ta shan dizal. Kunna inji don zuba amfiya 15 a matakin tsotsa asara ce biyu: ga mai, ga kuma cutar da injin, domin dizal da ke yawan aiki babu lodi ba ya yin zafin da ya dace, gawayi na taruwa, bangon silinda kuma ya yi santsi har ya fara shan baƙin mai. In kana caji, ka ɗaga gudun injin sama da na tsayuwa kana kallon na'urar ƙidaya, ka tsaya inda amfiya suka daina ƙaruwa. Ayyuka masu cin wuta, irin su injin tace ruwan teku da cajin kwamfutoci, a yi su yayin da inji ke aiki ko da tsakar rana.

Altanetar da ke zuwa da yawancin injuna asalinta ta mota ce. An tsara ta ne ta mayar da ɗan abin da aka ci wajen tayar da inji, ba ta ɗura manyan batura awa da awanni ba. Da ta yi zafi a ɗakin inji sai ƙarfinta ya ragu, regiletar cikinta kuma takan sauke bolt da wuri. Ka yi wannan gwaji: bayan minti 20 da kunna inji, ka auna bolt a bayan altaneta, ka sake aunawa a kan batir. In bambancin ya kai rabin bolt, to batir na ganin 13.9 ne a lokacin da altaneta ke ganin 14.4, kuma wannan rabin bolt ɗin yana iya zaftare kaso babba na cajin. Waya mai kauri da mahaɗai masu tsabta kan magance shi. In akwai tsohuwar na'urar raba caji mai dayod a tsakani, ita kaɗai tana cin wajen bolt 0.7. Gyaran da ya fi biyan kuɗinsa shi ne regileta ta waje mai matakai uku, wadda ke auna bolt a kan batir kuma take da wayar auna zafin altaneta. In za ka ƙara girman altanetar, ka sani cewa fambel guda ɗaya siriri ba ya jure abin da ya wuce amfiya 90 zuwa 100. Baƙar ƙura a gaban inji alama ce yana zamewa.

Game da sola, in ka sauke cin wutarka zuwa 100, wat 400 zai riƙe ka a yawancin ranaku, inji ya zama na ranar hadari. Amma wurin ɗorawa ya fi yawan wat muhimmanci. Ƙwayoyin da ke cikin faranti a jere aka jona su, don haka inuwar sandar kwance da ke ƙasan filafilai ko ta radar da ta faɗa kan 'yan kaɗan takan durƙusar da kashi ɗaya cikin uku na farantin ko fiye. Jirgi a kan anka kuwa juyawa yake da iska da igiyar ruwa, inuwa na yawo duk yini. Mafi kyawun wuri shi ne can baya, a kan ƙarfen da aka gina sama da komai. Da safe ka ja sandar kwance gefe ka ɗaure. Ka ba kowane faranti, ko kowane gefe na jirgi, kwantirolarsa irin MPPT, mai tatso iyakar wutar da faranti zai iya bayarwa, don inuwar ɗaya kada ta ja ɗaya ƙasa. Ka bar iska na ratsa ƙarƙashinsu, domin wat ɗin da aka rubuta na zafin digiri 25 ne, kuma kowane digiri sama da haka yana rage wajen kashi 0.4 cikin 100. Ka riƙa wanke gishiri da kashin tsuntsaye da ruwa mai daɗi. Sannan ka shiga saitin kwantirola ka duba tsawon lokacin tsotsa: da yawa suna zuwa da gajeren lokaci, sai su sauka zuwa riƙo tun hantsi alhali batir bai cika ba, ragowar hasken yini ya tafi a banza.

Fankar samar da wuta ba zan sa ta a gaba ba. Ƙarfinta na faɗuwa da sauri fiye da gudun iska, wato in iska ta ragu da rabi, wuta ta koma kashi ɗaya cikin takwas, mu kuma wurin da iska ba ta damu ba muke nema mu jefa anka. Tana da amfani ga mai zama inda iska ke kaɗawa dare da rana. Ƙaramin janareta mai fetur yana aiki in akwai caja mai girma da zai ciyar, amma hayaƙinsa na ɗauke da kabon monoksaid, gubar da ba ta da wari ko launi. Kada a kunna shi ƙarƙashin rumfa ko kusa da taga a buɗe, kada a kwanta barci yana aiki, kuma a sa na'urar gargaɗi a wurin kwana.

Ba ka ambaci batirin tayar da inji ba, kuma wannan ya fi damuna da firij. Dole ya zama nasa daban, babu fitila ko fanka da ke shan wutarsa. Ranar da iska ta juya da tsakar dare anka ta fara ja, kana da 'yan mintuna ne ka tayar da inji ka ɗaga anka, injin jan anka kuma yana fisgar amfiya 80 zuwa 100, abin da ya sa ake amfani da shi inji na aiki. In makunninka irin mai ɗaya, biyu da duka ne, barinsa a kan duka da dare yana nufin baturan biyu za su mutu tare. Ka sa rile mai haɗa su da kansa in caji ya zo, ya raba su in ya tsaya. Kuma kada a taɓa juya wannan makunni zuwa kashewa inji na aiki, don dayod ɗin altaneta kan ƙone nan take.

To litiyam fa? Ina son sa, kuma ga mai zama a kan anka ya fi darma dacewa nesa ba kusa ba. Irin da ake sa wa jirgi shi ne LiFePO4, wanda ya fito daga binciken ƙungiyar John Goodenough a Jami'ar Texas a shekarun 1990, kuma ya fi sauran nau'o'in litiyam wahalar kamawa da wuta. Duk matsalar da na yi ta bayani a sama ba ta shafe shi ba: bai damu da zama rabi da rabi ba, ya ma fi son haka da a riƙe shi a cike kullum. Yana karɓar duk abin da aka ba shi har ya kusa cika, yana mayar da kusan duk abin da aka zuba masa, kuma ana iya cin kashi 80 cikin 100 nasa. Baturanka na 400, da yake tsakanin kashi 50 da 85 suke kai da komo, amfiya-awa 140 ne ainihin abin da kake mora. Litiyam mai 200 zai ba ka 160 a ƙasa da rabin nauyin.

Sai dai ba a cire darma a jefa litiyam a gurbinsa a tafi. Wannan haɗamar karɓar caji tasa ita ce ke ƙona altaneta, domin zai sa ta aiki da iyakar ƙarfinta babu sassauci. Ko dai regileta ta waje mai rage wuta in zafi ya yi yawa, ko cajar DC zuwa DC a tsakani mai ƙayyade abin da za a ja. Na'urar kariyar cikinsa, wato BMS, tana iya yanke batir gaba ɗaya ba sallama in ta ga wani abu ya wuce iyaka. In hakan ya faru inji na caji, bolt zai yi tsalle ya lalata altaneta da kayan lantarki. In ya faru da dare kana tafiya, jirgi ya yi duhu. Tsari mai kyau yana sa BMS ta fara tsayar da caja kafin ta yanke, kuma yana barin batirin darma na tayar da inji a matsayin madogara. Ba a yi masa caji in sanyi ya kai digiri sifili. Bolt ɗinsa kusan a 13.2 yake tsayawa daga kashi 80 har kusan 30, don haka ba tare da shant ba, ba za ka san inda kake ba. Kuma in waya ta haɗu, yana iya tura dubban amfiya, abin da ya sa ake sa masa fiyus irin Class T mai iya katse har amfiya 20,000. Ko wane irin batir ne, ƙa'idar hukumar ABYC ta Amurka ita ce fiyus ya kasance cikin inci 7 daga kan batir, kusan santimita 18, domin waya yake karewa, kuma duk tsawon da ke gabansa ba shi da kariya. Ka duba naka yau, wannan ba ya jiran litiyam. In ka tsai da shawarar komawa, ka sanar da kamfanin inshorarka kafin a fara aiki.

Saura baturanka na yanzu. Ka nemi damar jona wutar tasha na kwana biyu, ka cika su har amfiya su sauka inda na faɗa. Sannan ka raba su ka gwada kowanne shi kaɗai. Girman da ake rubutawa a jikin batir na awa 20 ne, tun da Wilhelm Peukert ya nuna a 1897 cewa batirin darma na ba da ƙasa da haka in aka ja shi da sauri. Don haka batir mai 100 za ka ja amfiya 5 daga gare shi babu tsayawa har bolt ya sauka zuwa 10.5, kana duba agogo, sannan ka mayar da shi caji nan da nan. Wanda ya yi awa 16 ko fiye yana da kashi 80 nasa, ka riƙe shi, da sabon tsarin caji zai ƙara maka shekaru. In guda ɗaya ne ya faɗi da wuri sauran na da ƙarfi, ka cire shi, don shi ke zuƙe 'yan'uwansa, ka ci gaba da uku. Wasu kamfanoni, irin su Lifeline, sun yarda a yi wa AGM ɗinsu cajin farfaɗowa da bolt mai yawa, wasu kuma sun hana sam, don haka ka bi takardar naka. In dukkansu ba su wuce awa 11 ko 12 ba, sun gama aiki, kuma a lokacin ne tambayar litiyam ta zo da gaske. Ko wanne ka zaɓa, a canza su gaba ɗaya, kada a jona sabo da tsoho, kuma in wurin zamansu ɗakin inji ne a nema musu wani wuri mai sanyi, domin kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana rage rayuwar batirin darma da kusan rabi.